ALHERI KO BIKI? TARKEN LITTATTAFAN IBADA NA KIRISTA CIKIN HAUSA

Gabatarwa

Duk lokacin da muka zauna a taron ƙungiya muna ƙidayar abin da aka rubuta da Hausa, mukan fara da Ruwan Bagaja, mu ratsa ta Magana Jari Ce, mu sauka a kan littattafan soyayya na Kano, daga nan a yi addu'a a watse. To, akwai wani reshe na rubutun Hausa da ban taɓa jin mun ɗora shi a faifai ba, alhali kuwa ana karanta shi kowace safiya a gidaje masu yawa, tun daga Jos da Gindiri da Kagoro, zuwa Wusasa da Biliri, har Maraɗi a ƙasar Nijar. Ina nufin ƙananan littattafan ibada na Kirista, waɗanda ke ware wa kowace rana shafi guda: aya daga Littafi Mai Tsarki, sai ɗan tunani a kanta, sannan gajeriyar addu'a.

Ni malamin makarantar sakandare ne, ba fasto ba, don haka kada mai karatu ya zaci wa'azi zan yi ko muhawarar addini. Tarke zan yi irin wanda muka saba yi wa zube da waƙa, wato in duba jigo da salo da sarrafa harshe. Babban jigon waɗannan littattafai shi ne ƙaunar Allah da alherinsa. Abin da nake son in nuna shi ne, mafi yawan masu rubuta su sun riƙe kalmar alheri ba tare da sun tsaya sun saurari abin da kunnen Bahaushe ke ji idan an faɗe ta ba, saboda haka sau da yawa mai karatu yakan rufe littafin da kishiyar abin da aka so ya fahimta.

Inda Abin Ya Samo Asali

Kafin tarke, ya kamata mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Rubutun boko na Hausa yana da tsohuwar dangantaka da 'yan mishan. J. F. Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, ya fara fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun cikin shekarun 1850, ya kuma buga Magana Hausa a 1885 da taimakon labaran da ya ji daga bakin Dorugu. Dakta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, kuma shi ne jigo a aikin fassarar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Wata sabuwar fassara ta biyo baya bayan kusan shekara hamsin. Ko G. P. Bargery, mai ƙamus ɗin 1934 da har yau muke jingina da shi, da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan.

A ɓangare guda kuma, mishan ɗin SIM, wanda ya fara a 1893, da SUM, wanda ya fara a 1904, sun mai da Hausa harshen sujada a tsakanin Birom da Angas da Tarok da Bajju da Tangale da sauransu. Daga nan Jos ta zama cibiyar ɗab'i: maɗaba'ar Niger Press, da shagunan littattafai na Challenge, da Littafin Waƙoƙi da kusan kowane gida ke da shi, da littafin ibada na kullum irin su Abincin Yini. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Tsofaffi da yawa da ba su taɓa shiga aji ba sun koyi karatun boko ne a ajin baftisma, domin su iya karanta waɗannan littattafai da kansu.

Amma ga inda hanya ta rabu. Shekara guda bayan fitowar Littafi Mai Tsarki, wato a 1933, Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga yana roƙon malamai su ƙago labarai daga kansu, aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Hanyar gwamnati ta nufi ƙagawa, hanyar mishan kuwa ta fi karkata ga fassara. Shi kansa tsarin shafi guda ga kowace rana daga Ingila da Amurka aka aro shi, daga littattafai irin na Charles Spurgeon da Oswald Chambers, da kuma Our Daily Bread da aka fara bugawa a Amurka a 1956. Aron tsari ba laifi ba ne, don mu ma ƙagaggen labari aro muka yi. Matsalar ita ce an aro ƙwarya har da furar cikinta.

Kalmar da Ke Ɗauke da Kaya

A koyarwar Kirista, abin da aka fassara da alheri shi ne kyautar da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba, wadda ba aikinsa ne ya jawo ta ba, kuma ba ya iya biya. A kan wannan ma'ana duk ginin ya tsaya. Masu fassara sun duba Hausa suka ga babu kalmar da ta fi kusa da ita irin alheri, wadda mu ma daga Larabci muka samo ta. Ban ce sun yi kuskure ba. Jinƙai ya fi kusa da tausayi, ni'ima ta fi kusa da wadata, rahama kuwa tana da nata gurbi.

Amma mu tambayi karin magana, don ita ce ma'ajiyar tunanin Bahaushe. Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Muna cewa alheri gadon barci ne. Duk biyun abu ɗaya suke koyarwa: ka yi alheri, zai komo maka. A wurinmu alheri iri ne da ake shukawa ana jiran kaka. Haka rayuwarmu take a aikace. Matar da ta kai wa ƙawarta gudummawa ranar suna ta san cewa an riƙe lissafi, kuma ranar da nata ya zo za a mayar mata har da ƙari. Wannan shi ne biki. Wanda ya je gayyar maƙwabci ya san ranar tasa gayyar ba zai rasa hannu ba. Bara yana yi wa ubangidansa hidima, ubangida yana yi masa alheri. Babu abin aibu a nan, da wannan igiya ce aka ɗaure zumunci.

To, marubucin da ya rubuta cewa Allah ya yi maka alheri, ya wuce abinsa, me ya bari a kunnen manomi a Malumfashi ko 'yar kasuwa a Kafanchan? Ya bar tambayoyi biyu: me na yi aka yi mini, kuma yaushe zan rama? Aikin marubuci na gaskiya a nan yake farawa, a wurin da ma'anar da yake nufi ta yi karo da ma'anar da mai karatu ya zo da ita daga gida. A nan ne kuma yawancin shafukan da na karanta suke tsayawa.

Abin da Ya Faru a Makaranta

Bari in ba da misali daga abin da na gani. Wata safiya a taron ibada na ɗalibai, an karanta misalin nan da ke cikin Matiyu sura 20. Mai gona ya ɗauki 'yan ƙwadago da sassafe, suka yi jinga a kan dinari guda. Ya koma kasuwa da hantsi, da tsakar rana, da azahar, har da la'asar sakaliya, kowane lokaci yana ƙaro mutane. Da yamma ya biya kowa dinari guda, ya kuma fara da waɗanda suka zo ƙarshe. Waɗanda suka sha rana suka yi gunaguni.

Da aka gama, wata ɗaliba 'yar aji biyar, wadda mahaifinta da ƙwadago yake biya mata kuɗin makaranta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni dai ban ga alheri a nan ba. Da Baba aka yi wa haka, da mun ce an cuce shi."

Na ji daɗin maganarta ƙwarai, domin ita kaɗai ce a ɗakin ta ji labarin yadda aka so a ji shi. An gina misalin ne don ya yi zafi. Sai na duba ɗan littafin da muke bi, wanda ba zan ambaci masu buga shi ba, in ga yadda ya warware wannan ƙulli. Ko kusa da shi bai je ba. Ya ce Allah nagari ne, ya kawo labarin wani Bature da aka yafe wa bashin banki, sannan ya rufe da gargaɗi cewa mu yi ƙwazo cikin aikin Ubangiji don mu sami lada mai yawa. Wato shafin ya buɗe da alheri, ya rufe da biki. Yarinyar ta tafi da tambayarta a hannu, marubucin kuwa ya rushe da ƙafa abin da ya gina da hannu, bai ma sani ba.

Wannan rauni ya ƙara faɗi tun daga shekarun 1980, lokacin da wa'azin shuka iri ya yaɗu, inda ake ce wa mutum ya ba da kaza don Allah ya ninka masa. Ba hurumina ba ne in yanke wa masu wannan koyarwa hukunci. Abin da zan ce a matsayin mai nazarin harshe shi ne, idan shafi ya kira abu kyauta a sakin layi na farko, ya mai da shi adashi a na uku, to jigonsa ya warware, kuma da ƙagaggen labari ne da mun ce marubucin bai san inda ya dosa ba.

Ƙauna da Alkunya

Ita ma kalmar ƙauna tana da nata ƙalubale. Hausa ta bambanta so da soyayya da ƙauna, har Ado Ahmad Gidan Dabino ya jera biyu daga ciki a sunan littafinsa In Da So Da Ƙauna na 1991. Masu fassara sun dace da suka zaɓi ƙauna, don ta fi nauyi, ta fi nisa da sha'awa. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kwatanta ta. Littattafan da aka fassara sukan kamanta ƙaunar Allah da ta uban da ke rungume ɗansa kullum yana gaya masa yana sonsa. Yara nawa ne a ƙauyukanmu suka san irin wannan uba? Uban da muka sani yana jin kunyar ɗan fari, wani ko sunansa ba ya kira. Ƙaunarsa a rumbu take, da akuyar da ya sayar a ɓoye ranar da aka koro ka don kuɗin jarrabawa.

Marubucin da ya san wannan yana da dukiya a hannunsa. Ɗauki misalin ɗan da ya ɓata a Luka sura 15, inda uban ya hango ɗansa daga nesa ya sheƙa a guje ya tarye shi. Ga mai karatu a Amurka wannan uba ne mai taushin zuciya kurum. Ga Bahaushe kuwa, dattijo mai gida ya tattare riga yana gudu a gaban jama'a saboda yaron da ya nemi gado tun ubansa na da rai, abin kunya ne da za a daɗe ana maganarsa a dandali. Ƙaunar da ta sa dattijo ya zubar da girmansa, ita ce zuciyar labarin, kuma al'adarmu ta fi ta Bature iya nuna nauyinta. Abin takaici, shafi bayan shafi ana barin wannan a ƙasa ana ɗauko misalin jirgin ruwa da fitilar gaɓar teku ga mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar garinsu ba.

Hausar Aro da Aikin Maɗaba'a

Dangane da sarrafa harshe, akwai Hausar da ta tsiro daga fassarar 1932, mai yawan "gama" da "ta wurin" da "domin wannan". A cikin sujada tana da kwarjini, kamar yadda Hausar tafsiri ke da nata, kuma ba na cikin masu son a kashe ta. Amma tunanin safe hira ce tsakanin marubuci da mutum guda da ke zaune a bakin gadonsa. Idan aka cika ta da "ta wurin" sau biyar a sakin layi ɗaya, sai ta zama babbar riga a gona. Ga kuma jimlolin da kana karantawa kana jiyo Turancin da ke kwance a ƙarƙashinsu, ƙashi na Ingilishi, fata ta Hausa.

Dole a yi wa marubutan adalci a nan. Da yawa cikinsu Hausa harshe na biyu ce gare su, karatunsu na tauhidi kuma da Turanci suka yi shi. Wanda ya kamata ya cike giɓin shi ne edita, kuma a nan masu ɗab'i suka gaza. Na sha ganin littattafan da babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsu. Wani zai ce ƙaramin abu ne. To, a cire ƙugiya daga "Ɗan Allah", wanda shi ne suna mafi girma a bakin Kirista, a ga abin da ya rage: "dan Allah", kalmar da yaro ke faɗa in yana roƙon a sam masa ƙosai. A da ana iya fakewa da keken rubutu, amma yanzu da kwamfuta da wayar hannu ke da waɗannan haruffa, uzurin ya ƙare.

Bugu da ƙari, da yawa daga cikin ƙananan littattafan nan ba su ɗauke da sunan wanda ya rubuta kowane shafi, wasu ko shekarar bugu babu. Na san tawali'u ne ya kawo haka. Sai dai rubutun da ba shi da mai shi ba ya samun mai gyara masa. Ana rarraba shi ta hannun ikilisiya, ana saye don biyayya, ba mai cewa shafin jiya ya fi na yau. Marubutan Kano da suka fara buga littattafansu da kansu a shekarun 1980 sun sha suka a jaridu har ta yi yawa, amma sukar ta sa wasunsu sun gyara alƙalami. Littattafan ibada ba su sami ko wannan gata ba. Yanzu da ake tura irin waɗannan tunani ta WhatsApp kowace asuba, yawa ya ƙaru, tacewa ta ragu.

Maganin Yana Cikin Gida

Shin Hausa ba ta da hanyar faɗin kyautar da ba a biya? Tana da ita sarai. Mu duba tukuici. Idan wani ya aiko maka da rago, kakan ba yaron da ya jawo shi ɗan abin da ya samu. Wannan ba kuɗin rago ba ne, shaida ce cewa kyauta ta iso kuma an ji daɗinta. In ka hana, ka yi rashin godiya. In kuwa ka ƙirga kuɗin ragon cif ka aika wa mai shi, ka zage shi, don ka mai da kyautarsa ciniki. Shi ya sa muke cewa yaba kyauta tukuici. Ga bambancin da malaman tauhidi suka cika littattafai suna bayani, tsakanin aikin kirki na godiya da aikin kirki na biyan bashi, Bahaushe ya naɗe shi cikin kalma uku. Da marubucin shafin nan ya san da wannan, da ya sami abin gaya wa ɗalibata: na sassafe sun karɓi jingarsu ba a rage musu ko anini ba, na la'asar kuwa kyauta aka yi musu, kuma abin da ke ci wa na farko rai shi ne ganin an yi wa wani abin da ba biki ba.

Muna da magabata da za a yi koyi da su. John Tafida na Wusasa, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da East, Kirista ne, kuma bai tsaya yana gaya mana cewa ramuwar gayya mugun abu ce ba. Ya sa mun bi Abubakar har muka ga yadda fansarsa ta cinye yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda ya iya nuna ramuwa haka, hanyarsa za ta iya nuna gafara. Akwai kuma matan zumunta a majami'u, waɗanda ke tsara waƙoƙinsu da kansu da tulu da caki, suna ɗauko misali daga daka da ɗiban ruwa da jinyar yaro. Su sun riga masu digiri mai da saƙon ɗan gida, amma da wuya ka ga an rubuta abin da suke rerawa. Sannan ina ba 'yan'uwana marubutan Kirista shawara su zauna da Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, ko da akidarsu ta bambanta da tasa, su ga yadda malami ke ɗauko magana mai nauyi ya sa ta cikin Hausar da mai tallan goro zai haddace.

Kammalawa

A taƙaice, rauni uku na gani: an bar kalmar alheri ba a yi kokawa da ita ba, an aro misalai daga nesa alhali na kusa sun fi kaifi, kuma maɗaba'a ta saki aikin ba edita ba suna. Shawarata ga masu buga littattafan ita ce su nemi rubutun da aka fara da Hausa tun daga tushe, su ɗauki editan da ya san ƙa'idojin rubutu, su sa sunan kowane marubuci a ƙarƙashin shafinsa. Ga ƙungiyarmu kuma, ina roƙon a buɗe wa wannan reshe ƙofa a zaman karatu da muke yi, Musulminmu da Kiristanmu, don duk wanda ya riƙe alƙalami da Hausa namu ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga matashin da ke sha'awar irin wannan rubutu, ga gwaji mai sauƙi. In ka gama shafinka, karanta wa mutumin da ya wuni yana ƙwadago, ka tambaye shi abin da ya ji. In ya ce ya ji ana bin sa bashi, koma ka sake. Ɗalibar nan tawa ta gama makaranta tuntuni, amma har yau ban ci karo da shafin da ya amsa mata tambayarta ba, kuma ina fata wani daga cikin masu karanta wannan mujalla ne zai rubuta shi.